Baturen da Ya Bi Ni Har Harami

Tun da na dawo daga Makka zauren ɗinkina bai rabu da mutane ba. Wasu zamzam da dabino suka kawo su. Amma mafi yawa sun zo ne su ji ko gaskiya ne abin da Alhaji Haruna yake bazawa a kasuwa, wai na shiga sinima a hanyar Hajji na fito ina sharar hawaye. Haruna ɗan kawuna ne, taubashina, tare muka tafi tare muka dawo, kuma kowa ya san in labari ya shiga bakinsa sai ya fito da gishiri fiye da nama. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya kasance, wanda ya iya boko ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma kan kekena.

Sai na fara da mahaifina, Allah ya jiƙansa, domin ba don shi ba da labarin bai kai a ba da shi ba. A shekarunsa na ƙarshe idanunsa sun tafi. Kullum bayan la'asar nakan zauna gefen tabarmarsa in buɗe Alƙur'ani in karanta masa Suratu Yusuf, ita ya fi so, yana gyaran murya duk inda na karkace. Da ciwon ajali ya kama shi sai ya laluba ya riƙe hannuna, ya ce shi Allah bai nufe shi da zuwa ba, idan ni na je in zauna ina fuskantar Ka'aba in karanta masa ita tun daga farko har ƙarshe. Na ce to. Wannan alkawari shi ne kaya mafi nauyi da na hau mota da shi.

Akwai kuma halina, wanda ba ɓoyayye ba ne. Ni mutum ne mai shakka. In ina alwala zuciyata ta ce anya ruwa ya kai gwiwar hannu, to sai na zubar na faro daga farko. Haka salla, haka karatu. Tun muna yara Haruna yake kirana Malam Sake, har sunan ya kusa danne Idirisun da aka raɗa mini.

Daga Kano babbar mota muka hau, mu da buhuna da awaki biyu na wani ɗan Barno. Katin allurar rigakafina na ɗinke shi a cikin aljihun taguwa don kada ya faɗi, ban yi tunanin za a riƙa tambayarsa ba. A iyakar ƙasar da Faransa ke mulka sojan da ke duba takardu ya tsaya yana kallona ina warware ɗinki da haƙori, mutanen mota suna tsaki. Da muka wuce na sake ɗinkewa. A iyakar Sudan na sake warwarewa. Haruna ya ce wa direba a yi mini uzuri, wai tela in bai sami riga ba kansa yake ɗinkawa.

Tsakanin Abashe da Fashir mun fi tura motar fiye da yadda ta ɗauke mu. Ta kafe a rairayi, mu sauka mu shimfiɗa mata faifan ƙarfe, ta yi ɗan gaba ta sake nutsewa. Ruwa ya yi ƙaranci har aka hana alwala, aka ce kowa ya yi taimama. A nan na gane taimama ta fi dacewa da irina, don ƙasa ba ta ƙarewa, ko sau nawa ka sake ba mai harararka.

Mutanen Sudan suna da kirki, sai dai gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, kuma da dafa kafaɗa ake yinta. Tuwonsu wani abu ne shara-shara kamar takarda, mai tsami, ana naɗe shi a tsoma a miyar kuɓewa. Da safe wake ake ci da mai da gurasa. Shayi kuwa ba lokacin da ba a shansa. Duk garin da muka sauka akwai unguwar mutanenmu, waɗanda suka fito Hajji tun zamanin kakanni, hanya ta riƙe su suka yi gona suka hayayyafa. Suna jin Hausarmu sai su kewaye mu suna tambayar garuruwan da su kansu ba su taɓa gani ba.

Daga Lubayya muka shiga jirgin ƙasa har Bur Sudan, bakin Bahar Maliya, inda aka ce mu jira jirgin ruwa. A can abin ya same ni.

Wata rana gab da magariba Haruna ya dawo masauki da sauri, ya ce in tashi in sa kaya masu kyau, za a yi ƙissar Annabi Yusuf a wani fili, duk gari can ya nufa. Ni a raina malami ne zai yi tafsiri. Na yi alwala, na sake, na shafa turare. Bayan mun yi salla muka tafi. Wurin katanga ce doguwa ba rufi, da ƙofa ɗaya ana turereniya. Haruna ya miƙa wani abu ta taga aka ba shi 'yan takardu, na ɗauka sadakar malam ce. Har na sunkuya zan cire takalmi ya fizgo ni. Sai da muka zauna a tsakiyar benci, mutane suka cika mu dama da hagu, na ɗaga kai na ga farin bango a gabanmu, sannan na gane. Majigi dai na sani, wanda hukuma take kawowa ƙofar fada a nuna yadda ake kashe sauro. Wannan ba shi ba ne.

Na ce masa, "Haruna, ka ci amanata. A hanyar Hajji?"

Ya ce, "Zauna, Malam Sake. In ba ta yi maka ba sai mu ce su sake."

Aka kashe fitilu. Turawa ne suka shirya abin, daga littafinsu suka ɗauko labarin, da launi da kiɗa kamar tsawa. Da Turanci suke magana, ana rubuta Larabci a ƙasa, wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ke bayana yana karantawa da ƙarfi don 'yan bencinsa. Na yi niyyar fita, Allah ya sani. Amma fita sai na tattaka mutane, kuma a lokacin an riga an jefa yaron a rijiya. Na ce bari dai in ga an fito da shi. Da aka fito da shi na ce bari in ga inda ayarin zai kai shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki mutanen wurin. Akwai Larabawa, akwai masu tulin gashi na duwatsun nan da wuƙa a damtse, akwai Indiyawa 'yan kanti, da matuƙan jirgi, da Kiristocin Masar da Girkawa a kujerun baya da matansu. Ba wanda bai san ƙarshen labarin ba, amma ka rantse yau suka fara ji. Da 'yan'uwan suka zo neman a ba su yaron su tafi kiwo, wani ɗan dako ya miƙe yana ihu kada tsohon ya yarda. Aka riƙa jifan bango da ɓawon gyaɗa. Da aka kai shi kurkuku na waiwaya na ga wata Bagirka tana goge ido da gefen mayafi, daidai lokacin da ma'aikacin jirgin ƙasa muryarsa ta sarƙe ya kasa karatu. A garinmu waɗannan biyun ko a makoki ba za su zauna wuri ɗaya ba. Ni ma na yi kuka, wannan Haruna bai ƙara gishiri ba.

Ƙarshen ne ya kawo rigima. A nasu labarin uban bai makance don kuka ba, ba a aiko da riga aka jefa masa a fuska ba. Kawai aka ga tsoho ya hau keken doki ya tafi Masar suka rungume juna. Musulmin wurin suka tashi tsaye suna ihu ina riga, ina riga, wasu na cewa mai sinima ya yanke don ya tashi da wuri. Kiristoci kuwa suna kallonsu ba su san wace riga ake nema ba.

Washegari bayan la'asar na buɗe Alƙur'ani in yi bitar surar, kamar yadda na saba tun daga gida. Ina kaiwa inda yaron yake gaya wa babansa mafarkinsa, sai ga shi. Baturen da ya fito a matsayin Yusuf bayan ya girma: haɓa a aske da ɗan rami a tsakiya, ido kamar na mage, gashi ya sha mai. Na yi a'uziyya na koma farko. Ya dawo. Tun ina yaro nake jin wannan ƙissa ban taɓa sa wa Annabin Allah fuska ba, haske ne kawai a raina ba shi da kama. Dare ɗaya wani kafirin da ban san sunansa ba ya zo ya zauna a wurin. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ban san maganar tana da haƙora ba sai ranar.

A Sawakin aka tsare mu a wurin killace mahajjata, na ce kafin a sake mu zai gushe. A jirgin ruwa amai ya hana ni tunanin komai, na yi murna, na ce teku ta wanke shi. Muka ɗaura harami, muka sauka Jidda cikin zafin da ban taɓa ji ba, muka hau mota muna Labbaika. A hanya akwai wurin da aka kafa alama, daga nan wanda ba Musulmi ba ba ya wucewa. Askari, wato ɗan sandansu, ya leƙo yana duba fuskokinmu ɗaya ɗaya. Gabana ya riƙa faɗuwa kamar wanda ya ɓoye mutum a ƙarƙashin kaya.

Ganin Ka'aba na farko ba zan iya rubuta shi ba, duk wanda ya je ya sani. Muka yi umra lafiya. Muɗawwifinmu, wato mai kula da mahajjata, ya sauke mu can wajen Kudai a gidan wani direba mai suna Bakur. A Makka aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce, in ya ce "yalla, ku zo ku ci" sai ka ga tire na shinkafa dafaffiya da madara, ga kuma tuwo da miyar kuka a gefe don mahaifiyarsa. Ita tsohuwar, kowa Sitti yake ce mata, daga ƙasar Katsina ta taso tana amarya, da ƙafa, ta haifi 'ya'ya a hanya ta binne wasu a hanya. Yanzu ba ta gani. Tana jin muryata ta ce wannan baƙon me yake damunsa, yana sallama kamar mai bin bashi. Na ce gajiya ce.

Kwana biyu da sauka na ɗauki Alƙur'anina na tafi Harami da hantsi. Ana ta rushe gidajen da ke kewaye don a faɗaɗa masallaci, ƙura da ƙarar guduma ko'ina, amma ciki tsakuwa ce da tattabaru da masu zagayawa da tulunan zamzam. Na sami wuri a inuwa ina fuskantar Ɗakin. Na yi niyya, na ambaci sunan mahaifina, na fara. Ban gama shafin farko ba ya iso, a nan, tsakanina da Ka'aba. Na rufe, na fita na sake alwala, na dawo na faro. Har aka kira azahar ban wuce rijiya ba. Ina ji a raina karatun da fuskar ɗan wasa ta shiga cikinsa ba abin da za a aika wa mamaci ba ne, kamar ka kai wa mutum riga da tabon mai a ƙirji.

Na je da'irar wani malami mutumin Sakkwato da yake karantarwa a gindin ginshiƙi. Kunya ta hana ni ambaton sinima, na ce dai wani abu yana zuwa mini a karatu. Ya ce waswasi ne, in nemi tsari in yi tofi ta hagu. Na yi ta tofi har wani Bajawe, irin mutanen can gabas mai nisa, da ke zaune a haguna ya tashi ya canja wuri.

Haruna kuwa bai bar bakinsa ya huta ba. A Makka babu sinima ko ɗaya, haramun ce a wurin hukumarsu, saboda haka da mutanen gidan suka ji mun gani da idonmu sai suka taso shi a gaba. Kowace la'asar tsakar gida ta cika: matan maƙwabta a bayan labule, mai kawo ruwa ɗan Yaman ya ajiye garwarsa, har wani tsohon Bajawe mai sayar da turare wanda ba ya jin Hausa ko kaɗan. Haruna ya yafa bargo ya zama 'yan'uwa goma shi kaɗai, ya faɗa bayan randa ya zama yaro a rijiya. Mutanen da suke kwana suna tashi a gaban Ɗakin Allah, su ne suke roƙon a sake musu wurin kurkuku. Ni ina ɗaki na toshe kunne.

Rana ta uku aka buga ƙofa da sanda. Ɗaya daga cikin mutanen nan ne masu zagayawa da tsumagiya suna kora mutane salla, ɗan siriri mai jan rawani, ya ji hayaniya.  Ni na riga na ga an kore mu daga Makka kafin Arfa, na ga kaina ina komawa gida ba Hajji ba karatu. Sitti ce ta yi magana daga kan tabarmarta, da Larabci, ta ce ƙissar Yusuf baƙo yake ba yara, ko ita ma an hana? Mutumin ya dubi Haruna da bargo a ka, ya ce a ci gaba ya ji. Haruna ya ci gaba, hannu a ƙirji kamar mai wa'azi. Da ya kawo zancen riga mai launi-launi mutumin ya ɗaga tsumagiya ya ce wannan ba ya cikin Littafi, labarin Banu Isra'ila ne, a kiyaye. Ya juya zai fita. Bakur ya raka shi, ya daɗe a ƙofa. Da ya dawo yana danne dariya ya ce mutumin ya gane sarai, kuma abin da ya tsayar da shi tambaya ce: wai da gaske har cikin rijiyar ake nunawa?

A daren nan bayan isha na gaya wa Bakur damuwata, don na ga mutum ne mai rufin asiri. Ya ce, "Basiɗa, ya hajji, abu mai sauƙi." Ya je motarsa ya zaro wani shafin mujallar Masar daga ƙarƙashin kujera, irin wanda ake naɗe kaya da shi a Jidda. Ga Baturen nan, shi ne ba wani ba, da kwat da laktaye, sigari a yatsa, yana dariya da wata mace. Bakur ya ce in duba da kyau, mutum ne kawai mai neman abinci, in na gan shi haka zai fita daga raina. Nufinsa alheri ne. Amma washegari da na buɗe surar, Baturen da sigarinsa ya zo.

Daga nan na daina gwadawa. Na ce sai bayan Arfa, inda ake kankare komai. Muka tsaya a Arfa cikin rana mai narka ƙwaƙwalwa, na roƙi abin da kowa yake roƙo, na ƙara da wannan. A Mina na yi jifa da ƙarfin da har kafaɗata ta riƙe, Haruna yana cewa in bar wa Shaiɗan na gobe. Muka dawo Makka aka fara ce mana Alhaji. Na koma Harami na buɗe. Yana nan.

Sai yaron muɗawwifi ya zo ya ce gobe bayan azahar motar Madina za ta tashi, daga can Jidda, ba dawowa Makka. Irina ba ya zuwa sau biyu.  Haruna kansa ya daina tsokana, ya zo ya zauna kusa da ni ya ce shi wasa ya nufa, in yafe masa. Na ce na yafe, amma ban iya duban fuskarsa ba.

Da safe Sitti ta aiko a kira ni. Ta ce Bakur ya fita da mota, ita kuma tana son zuwa Harami, in riƙe mata kan sanda. Na gane Bakur ya gaya mata. Na ɗauki Alƙur'anin ba don ina sa rai ba. Muka tafi a hankali, ni a gaba da kan sanda ita a baya, yadda nake jan mahaifina zuwa masallacin Juma'a. Na zaunar da ita a bakin rumfa inda inuwa ta kai, na zauna nesa kaɗan.

Ta ce, "To, ɗan nan, karanta wa babanka, ni ma in samu."

Na ce, "Iya, ba zai yiwu ba. Yana zuwa."

"Ya zo mana. Nan wa aka hana zama? Ga Turkawa ga Indiyawa."

Na fara. A wurin mafarki ya iso. Na kai hannu zan juya baya, sai na ji sanda a gwiwata, ƙwas.

Ta ce, "Ina za ka?"

"Farko."

"An ce mini tela ne kai. In zare ya tsinke maka a tsakiyar riga, farke ta kake yi ka koma wuya? Ƙulla ka wuce."

Na ce karatun ya ɓaci. Ta ce ita da kunnenta take ji, ba ta ji inda ya ɓaci ba, kuma wanda ake yi dominsa shi ma da kunne ya saba karɓa. Ta ɗora sandar a kan gwiwata ta bar ta a nan.

Na wuce. Ban taɓa yin abu mai wuya irin wannan ba. Gumi yana ɗiga a kan takarda ina sharewa da hannun riga. Aka jefa shi rijiya Baturen yana nan. Aka sayar da shi yana nan. A gidan Azizu, a kurkuku, a gaban sarki, duk yana tsaye da ramin haɓarsa, wani lokaci har da kiɗan. Duk sanda muryata ta yi rauni sai in ji sandar ta ƙara nauyi. Inuwa tana janyewa, rana ta kama ƙafafuna, masu shara sun fara shimfiɗa don azahar. Zuciyata tana ce mini duk wannan aikin banza ne, ba karɓaɓɓe ba ne, bakina kuma yana tafiya.

Sai na kai inda ban taɓa kaiwa ba tun daga Bur Sudan, wurin da Yusuf yake cewa a tafi da rigarsa a jefa a fuskar mahaifinsa. A nan na duba ban ga kowa ba. Baturen bai taɓa faɗin wannan ba, ba a ba shi wannan wurin ba, ba shi da abin yi a cikinsa. Ayari ya baro Masar, tsohon yana cewa yana jin ƙanshin ɗansa, mutanen gida suna ce masa ruɗewar tsufa ce. Abin da na gani tabarma ce a zaurenmu, da wani tsoho ya karkato da kunne, fararen idanu a buɗe. A daidai ayar da mai bushara ya zo akwai wata kalma da kullum nake ja fiye da kima. Na ja ta. Sitti ta yi gyaran murya.

Ban san tsawon lokacin da na yi ban iya ci gaba ba. Ita kuma ba ta ɗauke sandar ba. Da na samu murya na gyara kalmar, ita kaɗai, na wuce. Wajen haɗuwarsu a Masar Baturen ya sake leƙowa, amma can baya, kamar wani alhaji a cikin taro. Na kai ƙarshen sura ladan yana hawa. Na ɗaga hannu na ce Allah ga ta nan yadda ta samu, ka kai wa mahaifina.

Sitti ta janye sandarta ta ce, "Halas, an gama. Tashi ka kai ni wajen mata, kada motarku ta bar ka."

Sauran tafiyar, Madina da teku da rairayi, lafiya muka yi ta, sai katin allura da na bari a hannu wannan karon har ya jiƙe da gumi. Masu tambaya ko su shiga sinima in hanya ta bi da su, ni ba malami ba ne. Na dai ga ma'aikacin jirgin ƙasa da Bagirka suna kuka a kan yaro ɗaya, na kuma san abin da kallon ya ci mini. Wani abu guda ya rage yana ɗan taɓa ni: fuskar da na gani a wurin rigar, ita ma ai fuska ce na sa wa wani Annabin, mahaifin Yusuf. Na yi niyyar tambayar limaminmu, har na je ƙofar gidansa, sai na yi masa barka da hantsi na dawo.

Har yanzu nakan karanta surar bayan la'asar, a zauren nan, a gefen da tabarmar take. Baturen yakan zo wani lokaci. Ba na koma masa farko.